Kafin A Yar Da Caja Ko Inbata, A Auna Dayod

A Ɗandume da ƙauyukanta, masu shagunan cajin waya da gidajen da suka koma sola sun san yadda caja ko inbata ke mutuwa farat ɗaya bayan tsawar damina ko hauhawar wutar janareta. Sau da yawa abin da ya ƙone bai kai ƙwayar masara girma ba, wato dayod.

Aikin dayod shi ne barin wuta ta wuce ta hanya ɗaya, ya hana ta komowa, kamar bawul ɗin tayar babur. Guda huɗu ake haɗawa a bakin caja su miƙar da wutar gida mai bolt 230. Irin wanda aka fi samu shi ne 1N4007, mai ɗaukar amfiya 1.

Kafin a taɓa komai, a cire na'urar daga wuta, a sauke cajin babban kafasita, domin yakan riƙe fiye da bolt 300 ko bayan an zare filogi. Sai a narkar da dalma a ɗaga ƙafa ɗaya ta dayod ɗin, don kada maƙwabtansa su ruɗa awon.

A ɗauko mitar awon wuta, a juya ta zuwa alamar dayod. A ɗora baƙar wayar mita a ɓangaren dayod da ke da zobe, ja a ɗaya ɓangaren. Lafiyayyen dayod na silikon zai nuna tsakanin bolt 0.5 da 0.7. Irin Schottky yakan nuna ƙasa da haka, kusan 0.2 zuwa 0.4, kuma ba lalacewa ba ce. In aka musanya wayoyin, ya kamata mita ta nuna OL, wato wuta ba ta wucewa. Idan ta nuna kusan sifili ta kowane ɓangare, dayod ɗin ya haɗe, shi ne ma yake cinye fis. Idan kuwa OL ce ta ko'ina, ya yanke.

Gano shi rabin aiki ne. Dayod ba kasafai yake ƙonewa haka kawai ba, don haka a duba sauran ukun da taransista da kafasita. In za a canza shi, a sa mai lamba ɗaya ko wanda ya fi ƙarfi, zoben ya fuskanci inda na farko ya fuskanta.

Mai kaya kuma yana da haƙƙin ya ce wa mai gyara, ko a Ɗandume ko a Funtuwa, ya nuna masa awon kafin a ce sai an canza bod gaba ɗaya.