Haƙƙin Jaki da Abincin Mai Jaki: Darasi daga Lamu zuwa Jega

A shekarar 2018 hukumomin ƙasar Girka suka kafa doka cewa kada a ɗora wa jaki nauyin da ya haura kilo 100, bayan ƙorafin da aka daɗe ana yi kan jakunan tsibirin Santorini, waɗanda ke hawa da 'yan yawon buɗe ido kan matakalar dutse cikin zafin rana. Masu kare dabbobi sun so a haramta sana'ar baki ɗaya, masu jakunan kuma suka ce da ita suke riƙe gidajensu. Irin wannan ja-in-ja ta faru a Petra ta ƙasar Jodan, inda a 2021 aka fara maye gurbin kekunan doki da ƙananan motocin lantarki.

Mutumin Jega zai iya cewa wannan rigimar Turawa ce. Amma wanda ya bi hanyar Jega zuwa Aliero da kakar albasa, ko ya zaga ƙauyukan Maiyama lokacin kai taki gona, ya san jaki bai yi ritaya ba. Inda yashi ko laka ta hana mota shiga fadama, shi ke fito da buhuna bakin titi. Shi ke kawo ƙasar gini, da itace, da ruwa. Gidaje da dama cefanensu a bayansa yake.

Sai dai a ɗaga akumari a duba wannan bayan. Sau da yawa miki ne ɗanye, ƙudaje na bi, an shafa masa baƙin mai an sake ɗora mangala. Igiyar roba ta yanke gindin wutsiya, kofato ya tsage, ga tabon sanda a cinya. Yawanci ba mugunta ke jawo haka ba, talauci ne da gaggawa: mai jaki na son sawu biyu inda ɗaya ya kamata. Amma lissafin ba ya fita, domin jakin da ya gurgunce tsakiyar kaka ya kwantar da sana'ar ubangidansa tare da shi.

Ga kuma wata masifa daga waje. Ƙasar Sin na dafa fatar jaki ta haɗa maganin da ake kira ejiyawo, kuma buƙatarsa ta sa dillalai suka riƙa kwasar jakuna daga kasuwannin Arewa zuwa mayanka a kudu. Jaka kan yi kusan shekara guda da ciki, ta haifi ɗa ɗaya, don haka haihuwa ba ta iya kamo wuƙa. Farashi ya yi tashin gwauron zabo, har talakan da jakinsa ya mutu ko aka sace ba ya iya mayar da gurbi. Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna tun 2016, sannan a watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince a Addis Ababa da hana yanka su domin fata.

Hani kaɗai ba ya warkar da miki. Nan ne garin Lamu na gaɓar tekun Kenya ya cancanci a duba shi. Tsohon garin Musulmi ne mai lunguna ƙunci, mota ba ta ratsa shi, jaki ne abin sufuri, kuma tseren jakuna na cikin abin da ke jawo baƙi bikin garin. Tun 1987 ƙungiyar Donkey Sanctuary ta buɗe asibitin jakuna a can, tana duba su kyauta. Ba a raba kowa da sana'arsa ba. Dabbar aka gyara, sana'ar ta ɗore.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan hikima. A Argungu, Kabawa kan hana kamun kifi a Matan Fada har sai ranar bikin su na garin, shi ya sa ake samun manyan giwan ruwan da ke tara jama'a tun 1934. Addini kuwa ya riga kowa: ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tir da wanda ya yi wa jaki lalas a fuska.

Abin da ya rage aiki ne mai araha. Ƙananan hukumomin Jega, Aliero da Maiyama su riƙa tura malaman dabbobi kasuwa ranar cinta, da maganin miki da na tsutsa. Sarakunan kasuwa da shugabannin masu jakuna su tsayar da iyakar kaya, su hana ɗora wa mai rauni, su tanadi kwamin ruwa da inuwa a inda ake sauke lodi. A kuma tallafa wa masu ɗinka akumari mai laushi, wanda shi ma sana'a ce. Kuɗin duk wannan bai kai asarar da magidanta ke yi ba idan jakunansu suka kwanta ana tsakiyar kwasar albasa.