Auren dole: me dokar Turai ta ce wa iyaye 'yan ci-rani?

Labarin ya zama ruwan dare: yarinya ta tashi a Faransa, tana son karatu da aiki da mijin da ta zaɓa, iyaye kuma suna ganin ta fi ƙarfinsu, sai su ce a maida ta gida a yi mata aure.

Auren dole shi ne wanda aka ɗaura ba da yardar ɗaya daga cikin ma'auratan ba. Ya bambanta da auren haɗi, inda iyaye ke nuna yaro amma yarinya na da ikon cewa a'a.

Yadda abin ke faruwa sananne ne. A ce mata za a je hutu a gaida kaka. Da an sauka, a karɓe fasfo da waya, ta wayi gari ana rabon goro. Tun 2013 Faransa ta mayar da wannan yaudara laifi: ɗaurin shekara 3 da tarar yuro 45,000. A Ingila, tun 2014, hukuncin kan kai shekara 7.

Me ya shafi mutumin Dakoro? A Nijar kashi 76 cikin ɗari na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, kuma jihar Maradi, inda Dakoro take, tana cikin waɗanda suka fi yawa. Kawu ko baffan da ya karɓi waliccin irin wannan aure yana iya jefa ɗan'uwansa da ke Turai kurkuku, ya kuma raba 'ya da iyayenta. Tsoron iyaye kan tarbiyya gaskiya ne, amma Musulunci ma ya ce a nemi izinin budurwa. Jama'a, a tambaye ta kafin a karɓi sadaki.