Da aka katse sabis, tsakina na da sati uku

'Yan uwa masu kiwo, har yau ni da wani abokina na Wurno muna musu kan katse layukan waya da aka yi a Satumban 2021, zamanin Gwamna Tambuwal, a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, ciki har da Rabah da Goronyo. Shi ya ce dole ce, saboda masu tsegunta wa 'yan bindiga. Ban ƙi ba, rai ya fi kaza.

To amma ni a Rabah nake kiwo lokacin. Wata safiya na tarar tsakina sun takure, gashi a tashe, ga farin zawo. Gumboro ce? Da akwai sabis, da hoto ɗaya ta WhatsApp likitan dabbobi zai ce in ware marasa lafiya, in zuba sinadarin ƙarin ƙarfi a ruwansu. Dole na hau mota zuwa Sakkwato. Kafin in dawo, ƙanena ya kwashe matattu cike da bokiti.

Kuma fa a Oktoban nan, layi na katse, aka kai hari kasuwar Goronyo. In na kawo wannan, sai abokina ya ce: “Malam, da an bar layin, wa ya san me zai faru?” Nan muke tsayawa kullum.