Rothschild: Jar Garkuwa Ce a Ƙofar Gida, Ba Ɗan Shaiɗan Ba

Tun makon jiya wani saƙo ke yawo a WhatsApp, har ya faɗo zauren danginmu ta hannun wani kawuna, dattijon da ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Wai sunan Rothschild ma'anarsa "ɗan Shaiɗan", wai kuma wannan zuri'ar Yahudawa ce ta mallaki manyan bankunan duniya kaf, har da namu na Najeriya.

Batun suna mai sauƙi ne. Jamusanci ne: "rot" ja, "Schild" garkuwa ko allon alama. A unguwar Yahudawa ta birnin Farankfot gidaje ba su da lamba, da alamar ƙofa ake gane su, kuma kakan zuri'ar a ƙarni na 16 gidansa jar garkuwa gare shi. Kamar a ce wa mutum Mai Jar Ƙofa ne. Wani ya hango "child", wato "ɗa" da Turanci, a wutsiyar sunan, ya yanka kalmar inda babu gaɓa.

Saƙon bai rasa gaskiya ba. Mayer Amschel Rothschild, wanda ya rasu a 1812, ya bar 'ya'ya maza biyar da suka riƙe bankuna a Farankfot, Landan, Paris, Biyana da Nafoli, suna ba gwamnatoci rance. Wasiƙar Balfour ta 1917 kan Falasɗinu ma wani jikan gidan, Walter Rothschild, aka rubuta wa.

Maganar mallakar bankuna ce ke da dafi. Babban Bankin Najeriya dokar 1958 ce ta kafa shi, ya fara aiki a 1959, kuma na Gwamnatin Tarayya ne. Shugaban ƙasa ke naɗa gwamnansa, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Na Ingila gwamnati ta karɓe shi tun 1946. Su kansu masu "mulkin duniyar", reshensu na Nafoli ya rufe a 1863, na Farankfot a 1901, na Biyana kuwa 'yan Nazi suka ƙwace a 1938. Bayan shekara biyu suka fitar da fim a kan gidan, suna shafa wa Yahudawa duka kashin kaji kafin kisan kiyashin da suka yi musu.

Ba na ganin laifin magidancin da kuɗin mudun shinkafa ya gigita, yake neman wanda zai ɗora wa. Haushina na kan wanda ya tsara saƙon, don ya wanke masu ciwo bashi da karya darajar naira a nan gida, ya aika fushinmu Turai.

Kawu, don Allah a goge shi, kada a tura gaba.