Kafin ki jiƙa wa yaro ƙaro, ki duba maganin da yake sha

Uwargida, in dai a Haɗejiya, Kirikasamma ko Guri kika tashi, ba sai an gabatar miki da ƙaro ba. Da hunturu yara ke ɓamɓaro shi a jikin dakwara suna tauna, da shi kuma malaman allo ke haɗa tawada don ta kama. A gidaje da yawa, jiƙa shi ake yi a ba mai tari ko ciwon ciki.

Shi kansa ƙaro ba guba ba ne. In kin ga E414 a jikin takardar alewa ko robar lemo, to ƙaro ne. Sai dai in an yawaita shi yana kumbura ciki.

Inda matsalar take shi ne haɗa shi da amoxicillin, maganin nan da ake rubuta wa yara in tari ya sauka ƙirji. A 2004 masu bincike a Sudan, ƙasar da ta fi kowace fitar da ƙaro, sun gwada shi a kan manya masu lafiya. Waɗanda suka sha su tare, maganin bai shiga jininsu yadda ya kamata ba, sai da aka raba su da awa 4 abin ya daidaita. Wato kina iya ba yaro magani safe da yamma ba fashi, ki bi shi da jiƙon da kaka ta haɗa da kyakkyawar niyya, kwana uku zazzaɓi bai sauka ba, ki ce maganin ne jabu. A ganina, ki ajiye ƙaron gaba ɗaya har ya gama kwanakin maganinsa, ki kuma faɗa wa likita in ya riga ya sha.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kawai, ko ɗigon jiƙo kada a ba shi. Mai rarrafe kuma dunƙulen ƙaro na iya shaƙe shi.

Da damina, in kogi ya yi ambaliya ya shiga rijiyoyi, ruwan jiƙon ma abin tsoro ne, sai an tafasa. Gudawa kuwa ba aikin ƙaro ba ce: ruwan gishiri da sukari na ORS, da ƙwayar zinc har kwana 10. In ya ƙi shan komai, ko idonsa ya faɗa, ki ɗauke shi zuwa asibiti a ranar.