Nahawu ko gwaninta: gardama a kan harsunan kwamfuta

A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da yake gyarawa daga kuskuren sarrafa ma'adanar bayanai take fitowa. Masu kare harshen C sun ce laifin marubuci ne. Wannan hujja ba ta gamsar da mu ba: kuskuren Heartbleed ya tsallake idon ƙwararren mai bita, ya shekara 2 cikin OpenSSL kafin a gano shi a 2014. A harshen Rust, shirin da ya nemi karatu bayan iyakar da aka keɓe masa tsayawa yake yi. Sai dai masanin harshe ya san jimla takan cika sharuɗɗan nahawu, ma'anarta ta zama ɓarna: ɓarakar Log4Shell ta 2021 cikin Java ta auku, harshen da ke kare ma'adanarsa.