TSUTSAR CIKI MAI AIKA WASIƘA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kun sha ganin tunkiya tana kiwo safe da marece, amma kullum ƙara ramewa take. Sau da yawa tsutsar ciki ce. To, ƙaƙa jikin dabba, wanda ya saba yaƙi da cuta, yake barin wannan baƙuwa ta zauna wata da watanni?

A shekarar 2014, masu bincike a jami'ar Edinbara ta ƙasar Birtaniya, ƙarƙashin malama Amy Buck, sun gano wata dabararta. Sun yi aikinsu kan tsutsar hanjin kusu. Tsutsar tana sakin waɗansu ƙananan jakunkuna da ido ba ya gani. Cikin jakunkunan akwai guntayen wani abu da ake kira RNA, wanda ke ɗauke da umurni kamar rubutun wasiƙa. Ƙwayoyin bangon hanji suna haɗiye jakar, saƙon ya shiga cikinsu, sai su rage kiran masu tsaron jiki. Kamar ɓarawo ne ya aika wa mai gadi takarda cewa ya yi barcinsa, gari lafiya.

Daga baya an sami irin jakunkunan nan wajen jar tsutsar da ke shan jinin tumaki da awaki a ɗaki na huɗu na cikinsu. Mace guda tana iya zuba ƙwai 5.000 a rana. Ƙwan yana fita cikin kashi, ya ƙyanƙyashe a jiƙaƙƙiyar ciyawar damina, wata dabba ta cinye.

A 2017 an yi wa kusa allurar rigakafi da jakunkunan, tsutsar ta ragu a cikinsu. Wannan aikin ɗakin bincike ne tukuna.

Ga abin da ya shafe ku yau. Tunda tsutsa tana rufe bakin jiki, kada ku jira sai dabba ta kwanta. Ku ja fatar idonta ta ƙasa ku duba: in ja ce, jini na nan, in ta yi fari, ko kun ga kumburi ƙarƙashin haɓa, ku nemi likitan dabbobi. Ku ba da magani daidai da nauyin dabba, don rabin magani yana barin tsutsa mai taurin kai ta hayayyafa. Ku share garke, kuma ku riƙa sauya wurin kiwo da damina.

Allah ya ba mu damina mai albarka.